Daƙiƙa Bakwai a Kan Titi: Yadda Tsohon Ɗan Acaɓa Ya Koma Lana a Malesiya

Shekara 21 na yi ina hawa babur kafin in haɗu da mutumin da ya tambaye ni lasin, ya kuma tsaya yana jiran in nuna masa. Abin bai faru a Kano ba, inda na koyi hawa, na kuma ci abinci da babur tsawon shekara biyar. A ƙasar Malesiya ya faru, a jihar Selangor, cikin watan Nuwamba na 2022, wata uku da zuwana karatun digiri na uku a fannin nazarin harshe. Abin da ya biyo bayan tambayar nan shi nake son in ba da labarinsa, domin ya tilasta mini sake duban wata kalma da na daɗe ina furtawa ba tare da na auna nauyinta ba, wato "iyawa".

Duk ɗalibin da ya zauna a unguwannin da ke kewaye da garin Serdang ya san zama ba abin hawa wahala ne. Gidajen haya masu rangwame suna nesa da makaranta, motar bas tana da lokacinta, ruwan sama kuwa ba ya shawara da kowa. Saboda haka, da wani ɗan'uwa mutumin Gombe ya kammala karatu zai koma gida, sai na saye ɗan babur ɗinsa, irin wanda mutanen ƙasar ke kira kapcai: ƙaramin inji, ba kuloci a hannu, giya a ƙafa, ga ɗan kwando a gaba. Kusan shi ne muke kira roba-roba a gida. A idona wasan yara ne, maganar lasin kuwa ko a mafarki ba ta zo mini ba.

Wani dare ina dawowa daga ɗakin karatu na tarar da shingen 'yan sanda a ƙarƙashin wata gada. Jami'in ya haska ni da tocila ya ce, "Lesen, Encik." Ban fara jin Malayanci ba a lokacin, amma kalmar ba ta buƙaci tafinta ba, domin ita da lasin namu gida ɗaya suka fito, wato Ingilishi. Na miƙa masa fasfo da katin ɗalibi. Ya duba, ya maido mini, ya maimaita kalmarsa. Sai na ji bakina ya kama abin da ya saba: na shiga bayyana masa cewa na fi shekara ashirin a kan babur, cewa sana'ata ce a da, cewa wannan ɗan abin da nake kai ko yaron gidanmu ba zai kira shi babur ba. Ya saurare ni cikin ladabi har na kai aya, sa'an nan ya rubuta mini takardar da suke kira saman. Ita ma na gane ta nan take, sammacinmu ce. Ya ce daga nan ba zan ƙara tuƙi ba. Sai da na kira wani abokina mai lasin ya zo ya karɓi kan babur, ni kuma na koma baya na zauna kamar fasinja.

Ringgit 300 na biya, amma ba kuɗin ne suka hana ni barci ba. Izinin zaman ɗalibi duk shekara ake sabunta shi, ga sunana ya shiga kwamfutar hukuma a jerin waɗanda suka taka Dokar Sufurin Hanya ta 1987. Abokina ya ƙara mini da cewa da a ce wani na buge, kamfanin inshora na iya juya mini baya, in wayi gari da bashin da kuɗin tallafin karatuna ba za su iya biya ba. Ga shi kuma iyalina, matata da 'yarmu mai shekara bakwai, suna shirin tahowa a farkon sabuwar shekara, kuma babur ɗin nan shi na tanadar mana.

Yadda aka yaye ni a gida

A 2001 Yayana ya koya mini hawa, ina ɗan shekara goma sha uku, a filin idin unguwarmu. Yakan zauna a bayana ya ɗora hannuwansa a kan nawa, har ranar da na waiwaya na ga ya zame tun tuni yana tsaye yana dariya. Dokoki uku ya ba ni: kada in ji tsoron mota, kada in yi shakka idan na riga na shiga, kada kuma in kuskura in taɓa birkin gaba, domin shi ne ke wurgar da mutum. Bayan wata biyu ya aike ni Sabon Gari ni kaɗai in ɗauko masa kaya. Da na dawo lafiya, sai ya dubi mutanen da ke zaune a dakalin ƙofar gida ya ce, "Yaron nan ya iya." Wannan jimla ita ce lasin da na riƙe shekara 21.

Ba abin raini ba ce kuwa. A al'adarmu, iyawa abu ne da idon jama'a ke shaidawa. Maƙeri da magini da maɗinki duk a gaban mutane suke yaye yaransu, kuma shaidar tana da fuska: in yaro ya yi ɓarna, an san wanda ya koya masa, an san ƙofar da za a je a yi sallama. Da na shiga jami'a a 2008 na nemi babur ɗin acaɓa don in riƙa biyan kuɗin makaranta, mai babur bai tambayi wata takarda ba. Tambayarsa biyu ce: ɗan gidan wane ne, kuma wa ya tsaya masa? Yaya ya tsaya mini, aka yanka balas ɗin da zan riƙa kawowa kullum, aka miƙo mini makulli.

Ba wai babu doka ba. Tsarin lasin na Nijeriya ya ware aji na A domin babura, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa kuwa tun 1988 aka kafa ta. Sai dai mu a tasha muna kallon doka kamar baƙon da ya zo kwana biyu, a yi masa kara har ya tafi. Da aka fara tilasta sanya hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu ɗaura ƙwarya da gwangwanin fenti a ka, fasinjoji kuma suna ƙin sanyawa, wasu don ƙyama, wasu don tsoron asiri. Ni hular magina na saya na rataye a kan babur, ina ɗorawa in na hango shinge. Haka muka yi ta yi har Janairun 2013, lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a birnin Kano, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero.

To, me "ya iya" ke nufi a bakin 'yan tasharmu? Wanda ya iya shi ne mai ɗauko fasinja daga Kabuga ya dire shi Bata kafin mai mota ya kai rabin hanya. Shi ne mai kutsawa tsakanin manyan motoci biyu ba tare da gwiwarsa ta goga ba, mai tsallake danja tana shirin canzawa, mai goya mace da 'ya'yanta biyu da buhun shinkafa. Da yawanmu mun cire madubai don kada su hana mu kutse. Ni ma ana lissafa ni cikin gwanaye, kuma sau ɗaya tak na taɓa kayar da fasinja. A 2010 ne, wani yaro ya faɗo titi da gudu, na taka birkin baya iya ƙarfina, tayar baya ta ja ƙasa ta goce, muka zube ni da wata dattijuwa da na ɗauko. Yaron ya tsira da ƙujewa, ita kuwa ta karye a tsintsiyar hannu. Aka kai ta wurin mai ɗori, Yaya ya jagoranci dattawa aka je ba da haƙuri, ta ce ƙaddara ce, ta yafe. Ni ma na rubuta abin a babin ƙaddara na rufe.

Gemu a cikin yara

A Malesiya, baƙon da ke da fasfo da izinin zama mai aiki yana iya neman lasin kamar ɗan ƙasa, ta hannun makarantar koyon tuƙi, ƙarƙashin kulawar hukumar sufurin hanya da ake taƙaita sunanta da JPJ. Lasin babur aji uku ne: B2 na injin da bai wuce sisi 250 ba, B1 na wanda bai wuce 500 ba, sai B da ba shi da iyaka. Na yi rajistar B2. Da yake daga shekara 16 ake fara bayar da shi, ranar da na shiga aji na tarar kusan kowa ɗan sakandare ne. Na zauna a layin baya da gemuna da shekaruna 34, ina tuna wa kaina cewa gemu ba ya hana ilimi, duk da dai a zuci ina ganin ba ilimi na zo nema ba, takarda na zo karɓa.

Awa shida aka yi ana lacca, yawanci da Malayanci. Bayanta akwai jarrabawar kwamfuta, tambaya 50 cikin minti 45, kuma sai mutum ya ci 42 ake cewa ya haye. Don in shirya, sai na yi abin da ɗalibin harshe ya saba: na sayi littafin rubutu na raba kowane shafi gida uku, Malayanci da Ingilishi da Hausa. Da farko aikin daɗi ya yi mini. Berhenti tsaya, awas hattara, beri laluan ba da hanya, kiri hagu, kanan dama. Tayar da brek kuwa taya da birkinmu ne suka sha iskar wata nahiya. Amma da na yi nisa sai gida na uku ya fara zama fayau. Akwai abin da suke kira titik buta, wato ɓangaren gefe da bayan mahayi wanda madubi ba ya nunawa, sai an juya kai. Na yi ta laluben sunansa a bakin 'yan tasharmu ban samu ba, daga baya na gane dalili: wanda ya cire madubi ba ya buƙatar sunan abin da madubi ba ya nunawa. Haka tazarar daƙiƙa biyu da ake so a bari tsakaninka da na gabanka, haka nisan da abin hawa ke ci tsakanin ganin haɗari da taka birki. Muna da kalmomi birjik na kutse da yanke da shan gaba da ɗaga kan babur. Na taka-tsantsan kuwa, in ka cire "a hankali" da "Allah ya kiyaye", sai ka nema.

Na ci 46, aka ba ni lasin koyo mai harafin L, wanda ake mannawa a gaba da bayan babur. A Kano babu zagin da ya kai a ce wa mahayi lana, yau ga ni ɗauke da tambarin a fili. Mai wannan lasin yana iya hawa titi shi kaɗai, amma doka ta hana shi goyo. A nan ma na fara gane cewa abin da kai ya sani daban, abin da jiki ya saba daban. Malesiya hannun hagu ake bi, kamar yadda Nijeriya ke yi kafin Afrilun 1972. Muddin akwai motoci a gabana ba na kuskure, amma da asuba, in titi ya zama wayam na sha kwana, sai in tsinci kaina a hannun dama, jikina ya koma Kano ba da sanina ba.

A Janairun 2023 iyalina suka iso. Makarantar 'yata ba ta fi kilomita uku daga gida ba, amma kullum sai mun biya motar haya, babur yana jingine a ƙasan bene. Wata safiya ta dube shi ta dube ni ta ce, "Abba, ba ka ce ka iya babur ba?" Na ce na iya. Ta ce, "To me ya sa ba ka kai ni?" Mutumin da ya goyi mutanen da bai san adadinsu ba ya rasa amsar da zai ba 'yar cikinsa.

Wani titin daban

Mai koyar da mu a fili wani dattijo ne mai furfura, kowa na kiransa Cikgu, wato Malam. Ranar farko ya sa ni zagaya layin da aka zana kamar lamba 8, sa'an nan in ratsa tsakanin jerin robobi masu tsini. Na yi su cikin ƙiftawar ido, har ina kwantar da babur don yaran su gani. Ya gyaɗa kai, ya ce da ɗan Ingilishinsa, "Na ga ka iya gudu. Saura tafiya." Ya nuna wani wuri da hannu ya ce, "Titi."

Na waiga ina neman hanyar mota, ban ga komai ba sai wani siririn dandamali a kwance a ƙasa, faɗinsa bai fi tsawon tafin ƙafa ba, tudunsa bai kai taƙi ba, tsawonsa taku goma sha wani abu. Ashe a Malayanci titi ita ce 'yar siririyar gadar da ake ɗorawa a kan rafi ko kwalbati, irin wadda mutum ɗaya ke bi yana daidaita jiki. Tamu kalmar, wadda ake kyautata zaton ta iso mana daga Ingilishi ta bakin Yarbawa, shimfiɗaɗɗiyar hanya take nufi. Babu dangantaka tsakaninsu sai ta kamannin sauti, amma haɗuwar ta tsaya mini a rai, musamman da na ji cewa siraɗi ma titian sirat suke ce masa. Sharaɗin gwajin shi ne mahayi ya hau, ya bi ta har ƙarshe ba tare da taya ta sauka ko ƙafa ta taɓa ƙasa ba, kuma kada ya ƙetare cikin ƙasa da daƙiƙa bakwai. Wato ba a hana ka daɗewa ba, sauri aka hana.

Na hau na wuce kamar kibiya. Cikgu ya dubi agogonsa ya ɗaga yatsu huɗu. Na sake, na rage wuta, kan babur ya fara rawa, ƙafata ta dire ƙasa tun ban kai rabi ba. Sau goma sha ɗaya na gwada a ranar, in na tsira daga faɗuwa sai in faɗa sauri, in na tsira daga sauri sai in faɗi. Bayanin da ya yi mini daga baya mai sauƙi ne. Babur in yana gudu shi ke tsayar da kansa, mahayi rakiya kawai yake yi. In tafiya ta yi sanyi kuwa, nauyin daidaitawa gaba ɗaya ya dawo kan mahayi. Saboda haka gudu yana rufa wa mahayi asiri, tafiyar hawainiya ce ke tona shi. Dabarar ita ce a sa giya ta ɗaya, a riƙe totur a wuri ɗaya ba ƙari ba ragi, a ɗan taka birkin baya don ya ja linzami, a matse gwiwoyi, a saki kafaɗu, ido kuma ya tafi can nesa. Wanda duk ya kalli tayarsa ya sauka.

A farkon Maris na shiga gwajin hukuma. Jami'in yana zaune a wata rumfa da takarda a hannu, lamba ce kawai a ƙirjina. Na wuce lamba 8 lafiya, na hau titi, na yi kashi biyu cikin uku, sai zuciyata ta ce in duba in ga saura nawa. Na sunkuyar da ido. Tayar gaba ta zame ta sauka, aka yi mini alama in fita daga fili. Wanda ya sauka daga titi ya faɗi ke nan, ba a ci gaba da sauran. Ina tura babur zuwa gefe, wata yarinya 'yar shekara 16 da ɗan lulluɓinta a ƙarƙashin hular kwano ta hau ta bi ta a natse kamar mai tafiya a tsakar ɗakinsu. A takardata aka rubuta gagal. Jami'in bai wulaƙanta ni ba, bai kuma tausaya mini ba, ko fuskata ban ga ya kalla ba. Na ji bayani cike da bakina, amma babu wanda zan yi wa. Da a gida ne, da tuni na fara lissafin wanda ya san wanda ya san shi.

A makon nan wani ɗan ƙasarmu ya same ni ya ce in daina wahalar da kaina, akwai hanyar da ake biya kati ya fito ba gwaji. Mutanen ƙasar suna da sunan da suke kiran irinsa, lesen terbang, wato lasin mai tashi sama. Ba zan ɓoye ba, kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya fara taka mini birki tsoro ne, domin baƙon da aka kama da takardar bogi karatunsa ya ƙare. Amma matata ce ta rufe babin. Ta ce, "Malam, in ka sayi katin, 'yar wa za ka ɗora a baya?"

Alli biyu a kan kwalta

Na koma na biya kuɗin ƙarin awoyi, na yi ta zuwa fili cikin azumi. A nan Cikgu ya sami sararin lura da ni sosai, ya kuma gano abin da ya fi titi muhimmanci. Cikin gwaje-gwajen akwai birkin gaggawa: a taho da gudu, a tsaya cak kafin wani layi. Ni ina tsayawa, amma da ƙyar, taya tana kuka. Ya ce in sake, ya tsaya daidai hannuna na dama yana kallo. Da na tsaya ya kama yatsuna ya ce, "Waɗannan fa, aikin me suke yi?" Na gaya masa dokar Yaya. Bai yi dariya ba. Ya hau babur ɗin da kansa, ya taho ya taka birkin baya kaɗai, ya sauka ya ja layi da alli inda ya tsaya. Ya koma ya taho da gudu iri ɗaya, ya haɗa gaba da baya, ya sake jan layi. Na auna tsakanin layukan biyu da ƙafata, taku huɗu.

Ya bayyana mini cewa idan aka taka birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, tayar gaba ta danne ƙasa ta ƙara riƙo, ta baya kuwa ta yi sakayau, shi ya sa take saurin kullewa ta goce. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake. Sharaɗinsa ɗaya ne, a matsa shi sannu a hankali ana ƙarawa, kada a fizge shi. Dokar Yaya tana da tushe, domin wanda ya fizgi birkin gaba a kan yashi ko cikin kwana lalle zai sha ƙasa, titunanmu kuwa ba su rabuwa da yashi. Amma maimakon a koya mana yadda ake matsawa, sai aka hana mu taɓawa, aka gadar mana da rabin gaskiya a matsayin cikakkiya.

Ina tsaye a kan allin nan dattijuwar 2010 ta faɗo mini a rai. Tsakanina da yaron da ya faɗo titi a ranar bai fi taku huɗun nan ba. Na yi imani da ƙaddara a lokacin, ina kuma kan imanina har gobe. Sai dai shekara goma sha uku na yi ina fakewa da ita don kada in tambayi kaina abin da hannuna na dama yake yi sa'ad da matar nan take faɗuwa. Ta yafe mini abin da ita da ni duk ba mu san na aikata ba.

Bayan ƙaramar Salla, cikin watan Mayu, na koma gwaji. Da na hau titi na kafa idona a kan wata bishiyar kwakwar manja da ke bayan shingen fili, ina ƙirgawa da Hausa a zuci, ban sauke ido ba sai da na ji tayar baya ta dira. Cikgu, wanda ke leƙe daga waje da agogonsa, ya ce tara na yi. Na wuce robobi, na tsaya a birkin gaggawa da sauran fili a gabana, na kammala kashi na ƙarshe inda ake duba yadda mahayi ke bincika babur kafin tashi, da ba da sigina, da juya kai kafin sauya layi. A takardar aka rubuta lulus. Aka ba ni lasin gwaji mai jan tambarin P, wanda ake riƙewa shekara biyu kafin a sami cikakke.

Abin da katin ya shaida

Kada mai karatu ya ɗauka na dawo da labarin wata ƙasa da takarda ta gyara kowa. Malesiya ta wajabta hular kwano tun 1973, tana da hanyar da aka keɓe wa babura zalla a gefen babbar hanyar Kuala Lumpur zuwa Klang, amma duk da haka mahaya babur su ne fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a haɗuran hanyoyinta kowace shekara. Suna da nasu 'yan gangancin masu tseren dare, waɗanda suke kira mat rempit. Na ga yaran da muka ci gwaji tare suna fita ƙofar makaranta suna murɗa totur kamar ba su taɓa jin sunan titi ba. Kati ba ya sauya hali. A wannan fuska shaidar gida ta fi shi, domin wanda Yayansa ya tsaya masa yana jin kunyar abin da zai kai ƙofar gida.

Amma shaidar gida tana da rauni biyu da ban gan su ba sai da na fita. Na farko, tana gadar da kuskuren maigida tare da gwanintarsa, kuma babu wani na waje da zai zo da alli ya auna. Na biyu, ba ta tafiya. Maganar Yaya tana da nauyi a unguwarmu, amma ko Kwanar Ɗangora ba ta kai ba, balle ta ƙetare teku. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa na ƙara gano cewa su ma mutanen gari ba sa ganinsa. Ba su san gidansu ba, ba su san wanda ya yaye shi ba. Ɗan katin nan shi ne danginsa, shi ke tsaya masa a gaban hukuma. Rashin kallon fuskar da ya ƙona mini rai ranar da na faɗi, shi ne kuma ya sa ranar da na ci ba wanda ya tambayi launin fasfona.

Littafin nan mai gida uku yana nan a kan teburina, kuma guraben da ke gida na uku suna tuhumata a matsayina na ɗalibin Hausa. Mun yi rubuce-rubuce a kan saran 'yan acaɓa da karin maganarsu da rubutun da suke mannawa a jikin babura, mun sami digirori da su. Ɗimbin mahayan nan, daga masu acaɓa a garuruwanmu har masu kabu-kabu a Nijar, da Hausa suke tunani a kan titi. In har babu sunan makantar madubi a harshensu, babu taƙaitacciyar jimlar da za ta ce "matsa, kada ka fizga" ta zauna a baki kamar yadda "kada ka taɓa birkin gaba" ta zauna, to wani ɓangare na aikin namu ne, mu da muka ɗauki ƙirƙirar kalmomi sana'a.

Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya na saya wa 'yata ƙaramar hular kwano, na ɗaura mata, na goya ta zuwa makaranta. Da dare na kira Yaya na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To Dakta, kai da ka goyi rabin Kano, sai yau ka iya?" Na ce, "Sai yau, Yaya." Sa'an nan na tambaye shi babur ɗin da babban ɗansa ke zuwa makaranta da shi, ko birkin gabansa yana aiki. Ya ce, "Wa ke taɓa shi?" Na yi masa bayanin alli biyu, ya saurara, ya ce shi dai shekara talatin yana hawa bai ga abin da ya rage shi da shi ba. Ban ja da shi ba, na dai roƙe shi alfarma ɗaya, na kuma tura kuɗin gyara. Bayan kwana uku yaron ya turo mini hoton sabuwar wayar birki a hannun dama. Na ce masa ya nemi alli ya tafi filin idi, in ya isa ya kira ni.